Tsakanin Takardar Asibiti da Shafin Wikipedia

Kusan kowane babban gida a ƙasar Hausa yana da mutum guda da ake kai wa takardar asibiti. Ba sharaɗi ba ne ya taɓa leƙa ajin koyon aikin likita. Ya isa a ce ya yi boko mai zurfi, yana jin Turanci, kuma yana ɗaukar waya idan an kira shi. A da sai an jira ya zo gida hutun sallah kafin a zaro takardar daga ƙasan akwati, ta sha ninki har rubutun ya fara dushewa. A yau hotonta ake ɗauka a tura masa ta WhatsApp, a biyo da saƙon murya cewa a taimaka a duba abin da likita ya rubuta. A danginmu ni ne wannan mutum. Laƙabin Dakta da ya biyo bayan digirina na uku ya ƙara ɗaure ni a kan kujerar, domin gwaggonnina da kawunnaina ba su ga dalilin da zai sa a bambanta musu Daktan littafi da Daktan allura ba. A wurinsu karatu karatu ne, kuma wanda Allah Ya ba shi, don dangi aka ba shi.

Na san ba ni kaɗai ba ne. A ɗakin hutun malamai na sha ganin abokin aiki, masanin tarihi ko na lissafi, ya ƙura wa wayarsa ido yana ƙoƙarin gane ma'anar wasu haruffa da aka zagaye da jan biro a sakamakon gwajin jinin surukarsa. Hanyar da dukanmu muke bi guda ce: mu rubuta kalmar a Google, kuma cikin amsoshin farko da wuya a rasa Wikipedia. Mu ne kuma muke tsayawa a gaban ɗalibai muna gargaɗin kada wanda ya kuskura ya kafa hujja da Wikipedia a kundin bincikensa. Ni ban ɗauki leƙa shi a matsayin abin kunya ba, amma ina ganin ya dace mu yi maganarsa a fili, tunda a nan rai ake magana, ba makin jarrabawa ba.

Ga wanda bai saba da shi ba, Wikipedia kundin sani ne da ke kan intanet, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a Amurka ranar 15 ga Janairun 2001. Yanzu ana rubuta shi da harsuna sama da 300, har da Hausa, kuma na Turanci kaɗai ya haura maƙala miliyan 6. Kyauta ake karanta shi, babu talla a cikinsa, ba a kuma biyan masu rubuta shi. Abin da ya bambanta shi da manyan kundayen da muka taras a ɗakunan karatu shi ne, kusan kowane shafi yana ɗauke da maɓallin gyara, wanda duk mai waya zai iya dannawa ya ƙara ko ya rage. Wanda ya fara jin haka dole gabansa ya faɗi. Littafin da farfesa da ɗan sakandare da mai neman tallata maganinsa duk suke da damar sa wa hannu, ta yaya za a dogara da shi a kan ciwon ƙoda? Masu kare shi sukan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Masu suka kuma su amsa da cewa ai ba kowane hannu ne wankakke ba.

Masana ba su bar muhawarar a fatar baki ba, sun auna ta. A watan Disambar 2005 mujallar kimiyya ta Nature ta ba ƙwararru maƙaloli 42 na fannin kimiyya daga Wikipedia da takwarorinsu daga tsohon kundin Britannica, ba tare da an faɗa musu wanne ne wanne ba. Aka taras a kowace maƙala ta Wikipedia akwai kurakurai kimanin 4, ta Britannica kuma kimanin 3. Masu Britannica sun yi watsi da binciken, amma ya girgiza masu zaton tazarar da ke tsakanin kundayen biyu kamar ta sama da ƙasa ce. A 2014 kuma wasu likitoci a Amurka suka duba maƙalolin cututtuka 10 da suka fi cin kuɗi a ƙasarsu, suka ce a cikin 9 sun ga maganganun da suka saɓa wa ingantattun nazarce-nazarce. Su ma masu rubuta maƙalolin sun soki hanyar da aka bi wajen wannan awo. A shekarar dai, wani rahoto na cibiyar IMS ya nuna kusan rabin likitocin Amurka da ke neman bayanin aikinsu a intanet suna leƙa Wikipedia. Abin da mai adalci zai ɗauka daga waɗannan duka shi ne, kundin yana da kuskure, amma bai kai lalacewar da ake yi masa zato ba.

Dalilin haka kuwa, ɓangaren lafiya yana da masu gadi. Akwai rukunin 'yan sa-kai da suka keɓe kansu ga maƙalolin cututtuka da magunguna, fitacce a cikinsu shi ne James Heilman, likitan sashen gaggawa a Kanada. Wani nazari da ya fito a 2015 ya nuna waɗanda ke ɗauke da mafi yawan aikin ba su kai mutum 300 ba, kuma kusan rabinsu ma'aikatan lafiya ne. Ƙa'idarsu ita ce ba a kafa hujja a kan magani da labarin jarida ko da gwaji ƙwaya ɗaya. Sai da littattafan koyar da likitoci, da matsayar manyan hukumomin lafiya, da nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya tace su. Ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara da irin wannan tacewa, ta ƙulla haɗin gwiwa da su a 2014, kuma a Oktoban 2020, ana tsakiyar annobar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su damar amfani da bayananta kyauta. Shafukan da ake yawan yi wa ɓarna kuma akan sa musu kwaɗo, yadda sabon shiga ba zai iya taɓa su ba.

Kafin mu yanke wa Wikipedia hukunci, sai mu tambayi kanmu abin da ke cike gurbinsa a gidajenmu idan babu shi. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas ɗauke da cutar Ebola. Cikin Agusta wani saƙo ya karaɗe ƙasar nan a dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga cutar. Ni ma da asuba aka tashe ni da kiran waya, wata 'yar uwa tana roƙona in tashi yara a yi musu wanka kafin gari ya waye. Aƙalla mutum 2 suka rasu saboda shan gishirin, wasu da dama suka kwanta a asibiti, kuma ba a iya nuna wanda ya fara maganar ba. Irin wannan saƙo bai ƙare ba. Kullum yana zuwa cikin sabuwar riga: muryar wani da aka ce babban likita ne a ƙasar waje, ko bidiyon mai magani a TikTok, ko lasifikar motar da ke bakin tasha.

Mu da muka taso a gidajen da ake karatun zaure mun san darajar isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don daɗinta. Sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya riƙon amanarsa da ƙarfin haddarsa. Saƙon WhatsApp magana ce marar isnadi, ba ta da uwa ba ta da uba. Maƙalar Wikipedia kuwa, duk da naƙasunta, tana tafe da isnadinta a jikinta. Ƙananan lambobin nan da ke ƙarshen jimloli kowace tana kai mai karatu ga littafi ko mujallar da aka ɗebo maganar. Akwai kuma shafin tarihi da ke nuna kowane gyara da ranar da aka yi shi, da shafin tattaunawa inda masu rubutu ke jayayya a bainar jama'a. Wannan ne fifikonsa a wurina, kuma fifiko ne da ba ya amfanar wanda bai bi sawun lambobin ba.

Na ga amfanin wannan da idona a kan wani aure. Tun kafin Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024, iyalai da yawa sun riga sun fara nema da kansu. An sa ranar bikin 'yar wani yayana, an kai lefe, sai sakamakon ango ya fito da haruffan HBsAg da alamar cewa an samu. Kafin la'asar gida ya rabu biyu. Wasu suka ce ai ƙanwar ƙanjamau ce, a mayar musu da kayansu. Wasu suka ce shawara ce kawai, akwai mai jiƙo a ƙauye. Wata ma ta hana yara shan ruwa a kofin da angon ya sha da shi ranar da ya zo gaisuwa. Aka turo min takardar. A daren na karanta maƙalar ciwon hanta nau'in B, na bi lambobinta har zuwa shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, na taras maganarsu ɗaya. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa ta jini, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, amma ba ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ba. Mutane da yawa suna ɗauke da ita shekara da shekaru ba su sani ba. Tana da allurar rigakafi mai inganci. Jaririn da ya kamu da ita a haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 takan zauna masa a jiki, shi ya sa ake son a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24.

Da gari ya waye ban ce wa yayana a ɗaura ba, ban kuma ce a fasa ba, domin wannan hukunci ba nawa ba ne. Tambayoyi na rubuta masa a takarda: shin ita yarinyar an gwada ta? Idan ba ta da cutar, yaushe rigakafin zai fara kare ta? Shi angon, wane gwaji ne zai nuna halin da hantarsa take ciki, kuma yana buƙatar magani yanzu ko sa ido kawai? 'Ya'yan da za su haifa fa? Suka tafi wurin ƙwararren likita da takardar. Ya gwada amarya, ya sa aka fara mata allura, ya nemi a ɗaga biki har ta kammala, ya kuma tsara wa ango lokutan da zai riƙa dawowa awo. An yi auren. Abin da karatun daren nan ya yi shi ne, ya mayar da firgicin gida tambayoyi huɗu da likita zai iya amsawa cikin 'yan mintocin da yake da su. Duk wanda ya taɓa yankar kati ya bi layi tun sanyin safiya ya san yadda mintocin nan suke da tsada, kuma ya san sau da yawa majiyyaci yakan fito bai tambayi komai ba, don bai san abin da zai tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san inda ya nufa.

Sai dai a cikin wannan labari akwai alamar iyakar farko, wato ta harshe. Da 'yan uwa suka ce shawara ce, ba ƙarya suka yi ba a Hausance, domin duk wanda idonsa ya yi ɗorawa mukan ce shawara ta kama shi. A wurin likita kuwa ɗorawar ido alama ce da ke da iyaye da yawa: ciwon hanta iri-iri, toshewar hanyar madaciya, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amosanin jini, da zazzaɓin shawara da wani nau'in sauro ke yaɗawa. Kowanne da maganinsa daban. Haka abin yake ga basir, wanda mai lasifika ya ɗora wa ciwon baya da kasala da raunin mazakuta, alhali jinin da ke fita a bayan gida yana iya zama na basir ɗin, yana kuma iya zama na ciwon dajin hanji. Kalmar sanyi ma ta haɗiye cututtukan da ba su haɗa komai ba. Bahaushe yakan raɗa wa ciwo suna da abin da ido ya gani, likitancin zamani kuwa da abin da ya haddasa shi. Wanda ya ɗauki sunan gida, ya fassara shi da ka zuwa Turanci, ya buɗe shafi, yana iya kwana yana karanta sahihin bayani a kan cutar da ba ita ke damun mahaifiyarsa ba.

Iyaka ta biyu ta wuri ce. Mafi yawan masu rubuta maƙalolin Turanci a Turai da Amurka suke, kuma asibitin da ke cikin tunaninsu ba namu ba ne. Zazzaɓin yaro a Landan da zazzaɓin yaro a Haɗeja cikin watan Agusta suna ɗaya ne, amma abin da ya kamata a fara zargi daban ne, tunda ƙasarmu ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Ciwon kai da sandarewar wuya a Sakkwato cikin zafin Maris ba abin da za a zauna ana karatu a kansa ba ne, domin muna tsakiyar yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Ko a kan amosanin jini, wanda ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara a Nijeriya, uba zai karanta cewa a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin da ke gyara ƙwayoyin gado, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Labarin gaskiya ne, amma abin da zai raya ɗansa a nan shi ne gano cutar da wuri, da alluran rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da magungunan da asibitin masu sikila ke bayarwa a kai a kai. Shafin bai san wane magani ake samu a garinmu ba, bai kuma san abin da aljihunmu zai iya ba.

Iyaka ta uku ita ce mafi zafi: maƙala cuta take siffantawa, ba ta san majiyyaci ba. Can ƙasan kowace maƙalar cuta mai tsanani akwai sashen da ke faɗin yadda takan ƙare, da alƙaluman waɗanda suka rayu da waɗanda ba su rayu ba. A 1982 aka gaya wa Stephen Jay Gould, masanin kimiyya a Jami'ar Harvard, cewa yana da wani nau'in ciwon daji na ciki. Ya je ɗakin karatu ya taras rabin masu irin ciwon ba sa wuce wata 8. Da yake ya san lissafi, sai ya tambayi kansa labarin ɗaya rabin, ya ga a cikinsu akwai masu daɗewa ƙwarai, kuma ƙuruciyarsa da saurin gano ciwon suna iya sa shi a sahunsu. Ya ƙara shekara 20 a duniya, kuma wani ciwon ne daban ya zama ajalinsa a 2002. Mafi yawanmu ba mu da horon da yake da shi. Muna ganin lamba sai mu ɗauke ta hukunci a kan wanda ke kwance a ɗaki, alhali ita matsakaicin dubban mutane ce da shekarunsu da ƙarfin jikinsu da matakin ciwonsu suka sha bamban. Likitan da ya taɓa cikin majiyyaci, ya ga hotonsa, ya san tarihinsa, shi ke da ikon cewa ga inda wannan mutum ya faɗa. Ajali kuwa yana hannun Mai shi.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da mu. Baturen da ya karanta shafi ya yanke wa kansa cewa ga ciwonsa, dole ya bi ta hannun likita kafin a sayar masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mu kuwa tsakanin karatu da haɗiya babu shamaki sai 'yar tafiya zuwa kemis na bakin layi, inda za a ƙirga wa mutum kafso gwargwadon kuɗinsa. Masu rubuta Wikipedia sun san da wannan haɗari, shi ya sa ƙa'idarsu ta hana a riƙa faɗin adadin ƙwayar da za a sha, kuma kundin da kansa ya shelanta cewa shi ba ya duba marar lafiya, ba ya rubuta magani. Amma sunan magani kaɗai ya ishi wanda ya ƙudurta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ya fi matsewa a wuyan wanda dangi suka riga suka yarda da shi, domin idan ɗan boko ya ambaci sunan ƙwaya, ba mai sake tambaya.

Saboda haka na ɗora wa kaina wasu sharuɗɗa, kuma ina ba 'yan uwana masu karanta wa dangi takarda su gwada. Ba na neman cuta da alamomi. Ina jira likita ya faɗi sunanta ko ya rubuta, sa'an nan in nemi sunan. Ciwon kai kaɗai, idan aka bi shi a intanet, yana iya kai mai lafiya ga ƙari a ƙwaƙwalwa kafin ya gama shan shayi. Idan na buɗe maƙala, nakan duba samanta ko akwai gargaɗin cewa tana da ƙarancin hujja, in duba shekarun littattafan da ta dogara da su, domin magani yana tsufa: kulorokwin da aka yi mana allurarsa muna yara ya daina zama maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a ƙasar nan tun wajen 2005. Duk jimlar da zan gina magana a kanta, sai na danna lambarta na ga asalinta da idona, na kuma gwada ta da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. Ba na furta sunan magani ga kowa. Idan kuma aka ce jini yana zuba, ko numfashi yana sarƙewa, ko mai ciki tana jijjiga, ko yaro ya sandare, ba na buɗe komai. Abin da nake cewa kawai a nemi mota.

Bayan waɗannan akwai amana. Takardar da aka turo min sirrin mutum ce, ba ta zauren WhatsApp na dangi ba. Abin da na karanta kuma ba duka ne nawa in faɗa ba. Tsohon da ya tambaye ni ma'anar kalmar da ke takardarsa yana da haƙƙin in gaya masa gaskiya, amma ba ni da hurumin in zazzage masa alƙaluman mutuwa da na tsinta da tsakar dare. Aikin tafinta ne a hannuna, kuma tafintan kirki ba ya ƙara wa magana gishiri, ba ya kuma hawa kujerar alƙali.

Duk wannan bayani ya tsaya ne a kan wanda ke jin Turanci. Miliyoyin masu karanta Hausa a Nijeriya da Nijar da sauran wurare, waɗanda yanzu waya ke hannunsu, me suke tararwa idan suka nemi hawan jini ko yoyon fitsari da harshensu? Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma matasanmu 'yan sa-kai sun yi aikin da ya cancanci yabo, har maƙalolinta sun kai dubun-dubata. Amma wanda ya karanta ɓangaren lafiya zai ga wasu shafukan gajeru ne, wasu kuma suna warin fassarar na'ura: kalmomin Hausa ne, amma jimlar ba ta Bahaushe ba ce. A tarihin ɗan ƙwallo irin wannan tuntuɓe abin murmushi ne. A bayanin ciwon suga kuwa yana iya kai mutum ga kwanciya. Mu ɗauki darasi daga abin da ya faru da harshen Sikots na ƙasar Sikotlan, inda a 2020 aka gano wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen ba ya rubuta maƙaloli sama da 20,000 a Wikipedia ɗinsu, da kyakkyawar niyya, shekara da shekaru ba wanda ya lura, saboda masu harshen ba sa leƙawa. Ga shi kuma injunan bincike da manhajojin nan masu amsa tambaya suna ɗiban bayani daga Wikipedia, don haka kuskuren da aka bari a can yana isa ga wanda bai taɓa buɗe shafin ba.

Gyaran wannan ba ya hannun Bature. Tun 2013 makarantar likitanci ta Jami'ar Kaliforniya da ke San Faransisko ta fara ba ɗalibanta maki a kan gyara maƙalolin lafiya na Wikipedia, ƙarƙashin kulawar malamansu. Ban ga abin da zai hana kwalejojin likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai su yi irin haka da Hausa ba. A harabobin nan guda akwai sassan nazarin harsuna. Jami'ar Bayero ce ma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ɗalibin likitanci ya san cutar, ɗalibin Hausa ya san yadda ake faɗar ta tsohuwa ta gane, kuma tafiyar da ke tsakanin ajujuwansu ba ta kai ta zuwa kasuwa ba. Da za a haɗa su a kan cututtuka 50 da suka fi addabar mutanenmu, kowace a rubuta ta da tsabtatacciyar Hausa, a bambanta shawara da shawara, a bambanta basir da abin da ke fakewa a bayansa, a sa mata isnadinta, a kuma naɗa mai bibiyarta duk shekara, da an yi sadakar da za ta daɗe tana gudana.

Likitocinmu da ma'aikatan jinya da ungozomomi sun sha kokawa cewa majiyyata suna zuwa musu a makare, da kai cike da jita-jita. Kukan gaskiya ne, amma jita-jita ba ta samun wurin zama sai inda sahihin bayani bai riga ya zauna ba. Na san aiki ya yi musu yawa, kuma da yawa daga abokan aikinsu sun tsallaka ƙasashen waje. Duk da haka, sa'a guda da ƙwararre zai ba shafi ɗaya na Hausa tana iya kaiwa ga gidajen da ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba. Mu kuma da ake kira Dakta ba tare da mun riƙe allura ba, mu karanta, mu bi isnadi, mu rubuta tambayoyi, sa'an nan mu raka mai ciwo zuwa ga wanda ya san aikin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri.